Sanarwa kan cutar ƙari a kajin gona

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu kiwon kaji na Gombe da kewaye.

Ganin yadda ake ta turo hotunan kaji masu shanyewar ƙafa da kumburin hanta, ya kamata mu fahimci cewa cututtuka biyu ne suka fi haddasa ƙari a cikin kaza, kuma ido kaɗai ba ya raba su. Ta farko ita ce cutar Marek, wadda ƙwayarta ke yaɗuwa ta ƙurar gashin kaji, kuma ta fi kama ƴan mako 12 zuwa 24. Za a ga kaza ta kwanta, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, wani lokaci idonta ya koma ruwan toka, in an feɗe ta kuma a iske jijiyar cinya ta kumbura. Ta biyu ita ce Lukosis, wadda ke bi ta ƙwai daga uwa, kuma ba kasafai take bayyana kafin mako 16 ba.

Saboda haka kada a jefar da mushen ko a ci gaba da ɗura wa kaji maganin ƙwayoyin cuta, domin ba ya warkar da ko ɗaya, asarar kuɗi ce kawai. A kai wa likitan dabbobi mushen tun bai lalace ba, ya ɗebi hanta, saifa da jijiya a ruwan fomalin (sinadarin da ke hana nama ruɓewa), a aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Marek tana da rigakafi da ake yi ranar ƙyanƙyasa, Lukosis kuwa ba ta da shi, don haka a tambayi mai sayar da ƴan tsaki ko an yi musu rigakafin Marek kafin a saya.