Sandar da ka gani a hoto

Baltimore, Amurka

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Saƙonka ya iso, na kuma sha dariyar tambayarka a kan hoton nan, wai ko su na koma a Amurka, da ka gan ni da autana kowa riƙe da sanda mai raga a kai kamar masu shirin faɗawa ruwa a Argungu. To ba kifi muke kamawa ba. Wasa ne, lakuros ake ce masa, kuma ni ne koci. Ni ɗin nan da ka sani, wanda ko a ƙwallon unguwa sai an rasa mutum ake tsayar da shi a raga.

A nan Maryland wasan ya zama musu kamar dambe a wurin mahauta. Tun 2004 jihar ta ayyana shi a matsayin wasanta na ƙungiya, jami'ar Johns Hopkins ta yi suna a kansa, hedikwatar hukumar wasan ta ƙasa ma tana wani gari Sparks, arewa da mu kaɗan. Yaron ya ga abokansa da sanduna ya tasa mu gaba da naci. Ranar rajista aka ce ƙungiyar 'yan shekara bakwai da takwas ba ta da isassun masu sa-kai, kafin in buɗe baki uwargida ta rubuta sunana. Aka binciki tarihina kamar yadda suke wa duk wanda zai kula da yara, na yi wani ɗan kwas a intanet, aka miƙo min usur da buhun ƙwallaye.

Bari in kwatanta maka. Manya maza goma-goma suke yi: mai tsaron raga, uku a baya, uku a tsakiya, uku a gaba. Filin yadi 110 ne a tsaye, 60 a kwance. Ragar da ake zura ƙwallo ƙarama ce, ƙafa shida tsawo shida faɗi, kuma ba a ƙarshen fili take ba, ana iya zagayawa bayanta a ci gaba da wasa. Ƙwallon roba ce zalla, ba iska a ciki, girmanta bai fi lemo ba, amma in ta same ka a ƙwauri sai ka kira sunan kakarka. Da ragar kan sandar ake ɗaukarta, a gudu da ita, a jefa, a cafe. Namu yaran huɗu-huɗu suke yi a ɗan yankin fili, an kuma hana su bangazar juna.

Ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Na mutanen da suka tarar a ƙasar ne, musamman ƙabilun Haudenosaunee da ke jihar New York da Kanada, waɗanda har yau suke ɗaukarsa kyauta daga Mahalicci, suna yin sa don neman waraka ga marar lafiya. Wani ɗan mishan Bafaranshe, Jean de Brébeuf, ya rubuta labarinsa a wajejen 1636, sunan ma daga Faransanci ya fito, ma'anarsa sanda mai lanƙwasa. Sai a 1867 wani likitan haƙori a Montreal, George Beers, ya tsara dokokinsa a rubuce. Da na ba yaran wannan labari, ɗaya ya ɗaga hannu ya ce ko shi ya sa ake tilasta musu sa robar kare haƙora.

Ainihin abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne ranar farko, domin kai malami ne, za ka gane. Na zo da takarda cike da tsari. Na jera yara goma sha biyu a layi, na tsaya ina bayani kamar mai wa'azi, ɗaya ya jefa sauran suna kallo. Watan Maris ne, sanyi na ratsa ƙashi, ga azumi a bakina. Kafin minti ashirin biyu suna takobi da sandunansu, ɗaya yana haƙa rami, wani ya kwanta yana kallon gajimare. A gefe akwai wani dattijo, kakan ɗaya daga cikinsu, wanda ya yi wasan tun yana saurayi. Bai ce min komai ba sai da aka tashi. Ya tambaye ni ƙwallo nawa ne a buhun, na ce talatin. Ya ce to me ya sa ɗaya ce kawai a waje? Wallahi kunya ta kama ni.

Mako na gaba na zazzage buhun duka a ƙasa, kowa da tasa. Dattijon ya ce in fara da ɗaukar ƙwallo daga ƙasa, domin a wasan ƙananan yara can take kwana. Gaskiyarsa. Ba a iya jifa ba, ba a iya cafewa ba, kullum tana gangarawa cikin ciyawa, wanda ya fi iya kwasa shi ke da wasa. Yadda ake yi: ka kai ƙafa kusa da ƙwallon, ka durƙusa sosai, hannun baya ya sauka har ya kusa taɓa ciyawa, ka zura sandar ƙarƙashinta ka wuce da gudu ba tsayawa. Yara ba sa son durƙuso. Sai su tsaya ƙiƙam su kife ragar a kan ƙwallon suna janyo ta kamar mai share tsakar gida. Ni abin da ya faɗo min shi ne yadda Inna take kwasar tuwo da mara, ta zura ta ɗago a tafi ɗaya. Na rasa yadda zan faɗa musu da Turanci, sai na zo da cokulan miya da dankali muka yi tsere. Sun kama.

Sai riƙo. In kana gudu da ƙwallo a raga dole ka riƙa murza sandar da wuyan hannu, gaba da baya, don kada ta zube. Ka tuna yadda muke wulwula bokiti da ruwa a ciki bai zuba ba? Hikimar ke nan. Cafewa kuwa ita ta fi ba su tsoro, suna runtse ido su kai wa ƙwallon duka. Ana koya musu su ɗaga ragar kusa da kunne, in ƙwallon ta iso su ja da baya kaɗan kamar mai karɓar ƙwai. Na fara da ƙwallon tanis mai laushi har tsoron ya fita. Jifa daga saman kafaɗa ake yi, a tako da ƙafar da ke ɗaya gefen, hannun sama ya tura, na ƙasa ya ja. Duk wannan bango ne malaminsa: yaro ya sami katanga ya yi ta jifa yana cafewa, dama da hagu. Ni ma bayan asuba nake zuwa bayan wata makaranta ina yi a ɓoye, kada yara su riga ni.

Iyaye sun fi yaran wuyar sha'ani. Wasu ba su san wasan ba, kamar ni, waɗannan da sauƙi: ka nuna musu yadda ake ɗaure hular kwano, ka ce su sayi kayan hannu tunda sababbin da tsada, ka roƙe su su yanke sandar daidai tsawon yaro maimakon su bar shi yana fama da ta manya. Matsalar waɗanda suka sani ne. Akwai wani uba da ya yi wasa a jami'a, yana tsaye a bakin fili yana ba ɗansa umarni, ni ina cewa miƙa, shi yana cewa harba, yaron ya tsaya a tsakiya har aka ƙwace ƙwallon, ya fashe da kuka. Na so in yi masa magana da zafi, sai na tuna baƙo ne ni a wasan nasu. Na je na ce ina neman taimako, ya karɓi yara huɗu ya koya musu jifa da hagu. Tun da ya ga yadda ake fama da huɗu, muryarsa ta sauka. Yanzu shi ke zuwa da ruwa.

Wasanmu na farko an ci mu, ban ma riƙe da nawa ba. Amma akwai wani ɗan siriri da ya shafe makonni yana gudun ƙwallo, ran nan ya durƙusa a cikin turmutsitsi ya kwaso ta ya fito da gudu, sai dai ragarmu ya nufa. Na yi ta ihu da Hausa ban sani ba.

Yayar autan ma ta ce baɗi da ita. Na mata daban ne, ba bangaza, abin kare ido da na haƙora ne wajibi, kuma a garin nan aka kafa ƙungiyar 'yan mata ta farko a Amurka, a makarantar Bryn Mawr a 1926. In Allah ya kai mu 2028 za ka ga wasan a gasar Olamfik ta Los Angeles, shida-shida, karo na farko da za a ba da lambar yabo a kansa tun 1908.

In na zo hutu zan taho da sanduna huɗu don yaran makarantarku. Ka duba min ko katangar bayan ajin nan tana nan, wadda ba ta da taga. Ka gaida Hajiya da maiɗakinka, ka shafa min kan yara. Yajin da kuka aiko ya ƙare tun kafin sallah.

Wassalam,
Naka, amininka.