Iyaye, mu nemi sakamakon Nafes na makarantun yaranmu

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyayen yara na Makka da Jidda.

Ina so mu ɗauki jarrabawar Nafes da muhimmanci. Hukumar tantance ilimi da horarwa ta Saudiyya ce ke shirya ta ga ƴan aji 3 da 6 na firamare da ƴan aji 3 na mutawassit (ƙaramar sakandare), a karatu da lissafi, ƴan aji 6 da na mutawassit kuma har da kimiyya. Makarantar ake aunawa da ita, shi ya sa ta shafe mu.

Don Allah ku sauke manhajar Mustaqbalhum ku duba matsayin makarantar ɗanku. In karatu ne ya yi ƙasa, ku je wajen mudir, wato shugaban makarantar, cikin mutunci ku tambaye shi me aka tanada a bana. Yaranmu da yawa Hausa suke yi a gida, Larabcin littafi kuwa daban yake da na unguwa, kuma a nan suke tuntuɓe. Wannan ya dame ni ƙwarai, don yaron da bai fahimci tambaya ba, lissafin ma zai faɗi.

Wanda manhajar ta gagare shi ya yi magana a nan, za mu taimaka masa.