Dogon gilashin kyamara ba ya maganin hazon bakin teku

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin matasanmu masu sayen dogon gilashin kyamara, wanda 'yan sana'a ke kira telefoto, su tafi yawon yini guda bakin teku, su dawo da hotuna dishi-dishi suna zargin mai shago. Galibi gilashin lafiyarsa lau. Iskar da ke tsakaninsu da abin da suke ɗauka ce matsalar.

A ɗauki Elmina a ƙasar Gana, inda 'yan zango daga Akra da Kumasi kan je ganin ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Daga Akra tafiyar ta haura kilomita 150, ga cunkoson Kasowa. Wanda ya tashi bayan hantsi zai iso rana tsaka, lokacin da yashi ya yi zafi, iskar samansa tana rawa, tururin gishiri ya cika sarari. Gilashi mai milimita 300 (da milimita ake auna tsawon gilashi, yawanta yawan jawowarsa) yana jawo kwale-kwalen da ke nesa, amma tare da duk wannan ƙazanta yake jawo shi. Ba saitin da zai gyara. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ta ƙara nata. Magani shi ne a yi sammako a iso kafin takwas, ko a yi haƙuri sai bayan la'asar, kuma a taka da ƙafa a rage nisan. Rana takan faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara a can, magariba ba ta jira.

Wurin da dogon gilashi ke biyan kuɗinsa shi ne kan tudun Santiyago, inda Turawan Holan suka girke igwa suka ci ganuwar a 1637. Daga can, a milimita 200, kwale-kwalen masunta da ke bakin kogin Benya sai su matsu wuri guda, tutoci da taruna da farar ganuwa kamar an jera su a faranti. Sai dai a kiyaye ranar Talata: masunta ba sa fita teku, ba za a samu jirgi yana keta igiyar ruwa ba.

Batun saiti. Hannu yana rawa, dogon gilashi kuma yana ninka rawar. Ƙa'idar ita ce saurin shata, wato marfin da ke buɗewa ya rufe idan an danna, kada ya gaza tsawon gilashin: in milimita 300 ne, 1/300 na daƙiƙa ko mafi sauri. A kyamarorin Nikon da Sony masu ƙaramin sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a ciki, milimita 300 daidai take da 450, don haka 1/500 ne mafi ƙaranci. Shirwa a sama ko ruwa na dukan dutse, sai 1/2000. A bar ƙofar haske a f/8, domin gilashin 70-300 mai araha hotonsa yakan yi dishi-dishi idan an buɗe ƙofar duka a ƙarshen tsawonsa. Kada a ji tsoron ɗaga ISO, saitin da ke ƙara wa hoto haske amma ya ƙara masa tsakuwa, zuwa 400 ko 800. Ɗan tsakuwa a hoto ya fi hoton da ya girgiza. A manna gwiwar hannu a haƙarƙari, hannun hagu ƙarƙashin gilashin. Hasken ruwa da farin yashi suna yaudarar ma'aunin kyamara ta duhunta fuskoki, sai a ƙara haske da +0.7. A duba layin da teku ya haɗu da sama kafin a danna, don ko ɗan karkata ya yi, ido zai gani.

Gishiri da yashi su ne ajalin kaya. Kada a canja gilashi a bakin ruwa, a yi a cikin mota. Hular gilashin, wato zoben da ke yi masa inuwa, ta zauna a kai ko da hadari. Idan feshin teku ya bushe a fuskar gilashi, kuskuren da aka fi yi shi ne gogewa da bakin riga: gishirin da ƙwayar yashi su zana layin da ba ya fita. A fara hurawa da 'yar robar hura iska, sannan ƙyalle mai laushi da aka ɗiga wa ruwan wanke gilashi, daga tsakiya zuwa gefe. Wanda ya fito daga mota mai sanyin esi ya bar kyamara cikin jaka a rufe minti ashirin, in ba haka ba gilashin ya yi gumi. A gida kuma a fito da ita ta sha iska, jakar da ta jiƙe tana haifar da fumfuna a cikin gilashi. Kuma kada a kuskura a leƙa rana ta cikinsa.

Saura mutane. Iya ɗaukar mace mai ƙyafe kifi daga mita hamsin ba izini ba ne, masuntan Elmina kuwa sun gaji da baƙi masu auna su daga nesa. A je a yi gaisuwa, a tambaya, in an yarda sai a ja da baya mita biyar ko shida, a sa milimita 135, bayanta ya narke, hayaƙin murhun ya fito.

Wassalam.

Wani mai ɗaukar hoto, Kumasi