Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Abuja: Kada A Buɗe Mana Mashaya A Tsakiyar Gidaje

Mai girma Minista Nyesom Wike, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin kaina da magidantan da muke layi ɗaya a Gwarinpa. Akwai wani gida mai bene a layinmu da aka gina domin zaman iyali. Masu haya sun tashi, an sayar da shi, sabon maigidan ya sa an fasa katangar gaba, an shimfiɗa tayil a tsakar gida, an kafa rumfar kwano, an kawo janareton da sai da ƙarti shida suka sauke shi daga mota. Magina ba su ɓoye mana komai ba: mashaya za a buɗe, da kiɗa da shisha da gasasshen kifi. Ba a kai ga buɗewa ba tukuna, shi ya sa muka ce gara mu yi magana yanzu, don ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san wasu da sun ga wasiƙa da Hausa a kan giya za su ce 'yan Hisba ne suka biyo su Abuja. Ba haka ba ne. Abuja ba jihar shari'a ba ce, mun san da haka tun ranar da muka sauke kayanmu. Ni ba na sha, addinina ya hana ni, amma ban zo neman a hana wani abin da dokar ƙasa ta bar masa ba. Wanda ma ya fi kowa ɗaga murya a taron layinmu dattijo ne Kirista, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ba ya ɓoye cewa yakan kurɓa a falonsa ranar Asabar. Tagar ɗakin kwanansa ce ke kallon inda za a jera lasifikoki. Rigimarmu a kan wurin take.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa wannan birni a takarda aka fara gina shi. Janar Murtala Muhammed ya ayyana shi a 1976, aka kammala babban tsarinsa a 1979, gwamnati ta tare a 1991. A cikin tsarin nan kowane fili da aikinsa: nan kasuwa, nan makaranta, nan asibiti, nan gidajen kwana. Gwarinpa kuwa, tun da aka gina ta a zamanin Janar Sani Abacha, rukunin gidaje ce. Da yawanmu sai da muka kwashe kuɗin sallama, wasu suka ci bashin banki, muka sayi muhalli a nan saboda mun yarda da abin da takardar gwamnati ta ce.

Duk wanda ya taɓa maƙwabtaka da mashaya ya san cewa abin ba ya tsayawa a cikin katanga. Layinmu mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe. Daga ƙarfe tara na dare za a cika shi da motoci, har bakin ƙofar gidan mutum, idan naƙuda ta kama iyali ƙarfe biyun dare sai an shiga ciki ana cigiyar mai baƙar mota. Sai mai suya ya kafa tukubarsa, wannan ba laifi, amma a bayansa mai ƙwaya zai biyo, shi kuma ba ya zaɓen abokin ciniki, ɗan unguwa ɗan shekara sha biyar ma kuɗinsa kuɗi ne. Da asuba masu zuwa masallaci da masu sammakon coci su tarar da fitsari a jikin katanga, yara masu tafiya makaranta su riƙa tsallake fasassun kwalabe. Ga kiɗa. Dokar taƙaita ƙara ta 2009, wadda hukumar kare muhalli ta NESREA ke kula da ita, ta ce a unguwar zama kada ƙara ta wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 50 da rana, 35 da dare. Desibel 35 bai kai ƙarfin hirar mutum biyu a falo ba. Wace mashaya ce mai makaɗi za ta iya zama a ƙarƙashin wannan?

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen izini. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon bayar da lasisin sayar da barasa, a wajenmu ke nan ƙaramar hukumar birni, AMAC. Sauya gidan kwana zuwa wurin kasuwanci kuma sai da amincewar sashen kula da gine-gine da ke ƙarƙashin ofishinka. Ƙofa biyu ke nan, kuma mutum na iya riƙe takardar ɗaya ya ɗaga wa maƙwabta ita kamar ta wadatar. Mu da za mu kwana da abin, ba mu san ta wace ƙofar za a ji ta bakinmu ba.

Mun kuma ga yadda irin wannan ke ƙarewa. Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse II gidajen kwana ne a asali. Gida ɗaya ya zama kanti, na kusa ya zama gidan rawa, iyalai suka gaji suka tattara, har ya zama babu sauran wanda zai yi ƙorafi. A 2025 gwamnatinka ta amince da sauya matsayin irin waɗannan tituna, aka ɗora wa waɗanda suka saɓa ƙa'ida tarar naira miliyan 5. Na fahimci dalili, abin da ya riga ya lalace sai a san yadda za a zauna da shi. Amma ka duba darasin da mai kuɗi zai ɗauka: fara saɓawa, daga baya ka biya. Miliyan 5 a wurin mai mashayar da ke cika kowane daren Juma'a ba abin tsoro ba ne. Ɗaya hanyar kuma ita ce ta jan fenti da katafila, wadda Abuja ta sha gani tun zamanin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan Abuja, aka sake gani a 2019 da aka rushe wani shahararren gidan rawa a Utako. Rusau ba ya mayar wa maƙwabta barcin shekarun da suka rasa, kuma yana jefa ma'aikata cikin rashin aiki rana tsaka.

Shi wannan bawan Allah da ya sayi gidan layinmu ba mu ƙi ya ci riba ba. Zai ɗauki matasa aiki, zai biya haraji, duk mun yarda. Manyan titunan Gwarinpa cike suke da shaguna da wuraren shaƙatawa, ya nemi wuri a can.

Roƙonmu shi ne ka sa jami'an kula da gine-gine su zo su duba gidan nan tun kafin a ɗora allon suna, a dakatar da aikin har a ga takardar da ta halatta shi. Sannan a mayar da shi ƙa'ida cewa ba za a ba da lasisin barasa a kan wani gida ba sai an nuna izinin sauya amfaninsa, kuma ba za a ba da wannan izini ba sai an liƙa sanarwa a ƙofar gidan, an ba maƙwabta wa'adi su kai ƙorafinsu a rubuce. Takardarmu mai ɗauke da sa hannun magidantan layin tana nan a shirye, duk ranar da aka kira mu za mu zo da ita.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani magidanci daga Gwarinpa, Abuja