Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiya na Bana

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto ta gudanar a wannan shekara. An yi tarukan wata-wata duka in ban da na watan azumi, kuma bayanansu suna cikin littafi ga mai son dubawa.

Zan fara da maganar kuɗi, domin ita ce ta riƙe ƙafar kusan duk abin da ba mu kammala ba. Har zuwa daren da nake rubuta wannan rahoto, waɗanda suka biya kuɗin wata-wata cikakke ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba, kuma ni da ma'aji mun bi wasu har shagunansu da ƙofar gidajensu, abin da bai kamata a ce ana yi wa manya ba. Saboda haka ina roƙon duk wanda zai tashi ya tambayi dalilin da ya sa kalandar furanni ba ta fito ba, ya fara duba ko sunansa yana cikin waɗanda suka biya. Hotuna goma sha biyu an zaɓe su tun kafin damina ta janye, an gyara su, an tsara shafuka, amma mai ɗab'i ba ya kunna inji sai an ba shi kafin alƙalami, kuma kowa ya san yadda farashin takarda da tawada ya tashi tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Wannan dalilin ne kuma ya sa muka daina biyan kuɗin manhajar gyaran hoto da ake saye da dala, muka koma GIMP a kwamfuta da Snapseed a waya, waɗanda dukansu kyauta ne. Kwamiti ya yanke wannan shawara ne don kada aiki ya tsaya, ba don raina aikin kowa ba.

Abin da ya faranta mana rai a bana shi ne bitar kwana biyu da muka yi a ƙarshen damina kan mayar da hoton fure ya yi kama da zanen fenti, tare da baje kolin da ya biyo bayanta. Ranar farko mun fita bayan sallar asuba zuwa kududdufin da ke bayan gari, saboda farin bado da dare yake buɗewa, kuma da hantsi ya ɗaga sai ya rufe. Waɗanda suka makara sun tarar da ganye kawai. A hanyar dawowa mun tsaya a wata gona inda yakuwa da kuɓewa suka yi fure, wasu kuma suka durƙusa a kan tumfafiyar bakin hanya, wadda ba wanda ya taɓa yi mata kallon abin ado sai ranar, ga shi kuwa fari da shunayyar da ke cikin furenta sun ba mu hoton da ya fi jan jama'a a baje kolin.

Rana ta biyu aka zauna gaban majigi. Ɗan uwanmu da ya jagoranci darasin ya hana kowa taɓa filtar da ke mayar da hoto zane da dannawa ɗaya, har sai an gama aikin hannu, kuma a ganina ya yi daidai, domin irin wannan filta tana shafe fure da ganye da sararin baya da hannu ɗaya, sai hoton ya fito kamar roba. Ya nuna yadda ake fara rage ƙarfin launin ja, tunda kyamarar waya takan cika shi har jijiyoyin furen su ɓace, sannan a duhunta baya don furen ya fito shi kaɗai, irin yadda masu zanen ƙasar Holan suka riƙa yi, ciki har da Rachel Ruysch wadda ta rayu daga 1664 zuwa 1750. Daga nan aka koyi dabarar Michael Orton, ɗan ƙasar Kanada, wanda a shekarun 1980 ya riƙa haɗa hoto biyu na abu ɗaya da ya ɗauka a fim ɗin kyamara, ɗaya ya fito tas, ɗayan dishi-dishi. A kwamfuta ana kwafe hoton ne a ɗora shi a kan na asali, a dusashe na saman, a rage masa ƙarfi har sai haske ya yi laushi, sannan a ɗauki buroshi a goge dusashewar daga tsakiyar furen don ido ya sami wurin sauka. Mataki na ƙarshe shi ne ɗora kaushi, wato sa fuskar hoton ta yi kama da abin da aka zana a kan ƙyalle ko bango, kuma a nan 'yan uwa mata suka burge kowa, domin maimakon su nemo a intanet sai suka ɗauko hoton bangon laka da na saƙar farin gwado, suka shimfiɗa su sama-sama a kan furen.

Ɗaya daga cikin iyayenmu ya yi tambayar da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, wato ko wannan gyara bai zama ha'inci ga mai kallo ba. An amsa masa cewa tun ƙarshen ƙarni na 19 akwai masu ɗaukar hoto a Turai da Amurka da suka riƙa tausasa hotunansu don su yi kama da zane, kuma a 1902 Alfred Stieglitz ya tara wasu daga cikinsu a birnin New York a kan wannan manufa. Duk da haka maganarsa ta yi tasiri, domin a baje kolin mun rataya kowane hoto tare da ƙaramin na asali a gefensa, muka rubuta cewa an yi masa gyara. Wannan tsari shi ya fi tsayar da baƙi, musamman ɗaliban zane-zane da suka zo a ƙungiyance, kuma malaminsu ya daɗe gaban hoton bado yana ba su labarin Claude Monet, wanda ya yi zanen bado kusan 250 a lambun gidansa da ke Giverny a Faransa. An sayi hotuna da dama, kuma da kuɗin ne muka biya hayar zaure da man janareta ba tare da an ci bashi ba.

Na ji ƙorafin waɗanda hotunansu suka fito daga wurin bugawa da launi a mace. Ba sakacin kwamiti ba ne. Fuskar kwamfuta da haske uku take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi kuwa injin ɗab'i da tawada yake aiki, kuma shunayya mai ƙarfi tana cikin launukan da suka fi shan wahala a tsakanin biyun. Maganin abin shi ne bugun gwaji da kuma na'urar daidaita launin fuskar kwamfuta, wadda muka sa a kasafi shekara biyu a jere ba mu iya saye ba. Wasu kuma sun turo aikinsu ta WhatsApp a matsayin hoto, alhali an sanar sau da yawa cewa a turo shi a matsayin fayil don kada a matse shi, saboda haka da aka faɗaɗa sai ya farfashe.

Mutanen da suka ɗauki firam a ka, suka share zaure, suka kwana suna liƙa sunaye, su ne dai waɗanda suka yi bara, kuma ba su cika hannu biyu ba. Akwai mambobin da ba mu gani ba tun taron zaɓe, amma ranar buɗe baje koli sun zo da baƙinsu suna tambayar inda aka rataya nasu. Wannan yana kashe gwiwar masu aiki, kuma ni kaina ya dame ni ƙwarai.

Fitar da muka shirya don ɗaukar jan furen gurjiya a lokacin hunturu tana nan, muddin an sami kuɗin mota. Kwamiti yana ba da shawarar cewa daga taro mai zuwa, wanda ake bin sa bashin fiye da wata shida ba za a karɓi hotonsa a baje koli ko kalanda ba sai ya biya, kuma za a kaɗa ƙuri'a a kan haka. Ma'aji zai zauna da littafin rasit a bakin ƙofa tun kafin a buɗe taro da addu'a.

Sakataren ƙungiya