Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Hafsan Sojin Sama: Yaushe Za A Sauke Wa Alpha Jet Kaya?

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya tsare dakarunmu a duk inda suke. Ba zan ja zance ba, don ka san lamarin fiye da ni. Tambaya ce ta sa na rubuto: wace rana jirgin Alpha Jet zai yi tashinsa na ƙarshe, kuma ina aka kwana kan jirgin da aka ce zai gaje shi?

Tun zamanin Shugaba Shehu Shagari, a farkon shekarun 1980, Najeriya ta fara karɓar waɗannan jirage guda 24, ƙirar kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus. Yaran da kake turawa su tuƙa shi yau, da yawansu jirgin ya girme su nesa ba kusa ba. Kuma babu mai raina aikin da ya yi. Shi ya yi wa dakarun ECOMOG, rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka ta Yamma, rumfa a Laberiya lokacin da mayaƙan Charles Taylor suka tasa Monrobiya a gaba. Ya je Saliyo, aka kori sojojin da suka yi juyin mulki, Ahmad Tejan Kabbah ya koma kujerarsa a 1998. A 2013 ya sauka a Yamai don yaƙin Mali, a 2017 kuma aka kai shi Dakar don Yahya Jammeh na Gambiya, da ya ƙi sauka daga mulki, ya gane da gaske ake. Sannan ga Sambisa, ga Tafkin Chadi, ga dazukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari. Jirgin da tun asali horar da matuƙa ne rabin aikinsa, mu mun ɗora masa kayan da ko masu ƙera shi ba su yi zato ba, ya kuma ɗauka.

To amma an daina ƙera shi tun 1991. Jamus da ta sa hannu a ƙirarsa ta jingine nata tun a shekarun 1990. Fotugal ta sallami nata a 2018. Mu kuwa a 2015 Amurka muka nufa muka sayo kwance guda huɗu, aka zo nan gida aka ɗaura musu makamai. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar Fijo ya san yadda ake yi idan kayan gyara sun ƙare a kasuwa: a kwance wannan a tayar da waccan, har ranar da babu sauran abin kwancewa. Bambancin kawai, idan mota ta mace sai a gangara gefen titi.

Bari in tuna maka abin da na san yana cikin fayil ɗinka. A watan Mayun 2013 ɗaya ya faɗi kusa da Dargol a Jamhuriyar Nijar, matuƙa biyu suka rasu. A Satumbar 2014 wani ya tashi daga Yola bai dawo ba, daga baya Boko Haram ta fitar da bidiyon kisan gillar da ta yi wa Wing Kwamanda Chimda Hedima. A ƙarshen Maris na 2021 wani ya ɓace a Borno da matuƙa biyu, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele, sai bayan kusan shekara guda aka tsinci ɓaraguzansa a Sambisa. A watan Yulin 2021 'yan bindiga, 'yan bindigar daji fa, suka harbo wani a iyakar Zamfara da Kaduna. Allah ya yi da sauran kwanan Abayomi Dairo, ya dira da laima, ya yi ta ɓuya har ya isa hannun sojoji. A Disambar 2025 kuma wani ya faɗi kusa da Kainji yana tashin gwaji bayan an duba shi, matuƙan biyu suka tsira da kyar.

Na san amsar ofishinka: ba duka tsufa ya kayar ba, wasu wutar abokan gaba ce. Haka ne. Sai dai me ya sa ɗan bindiga da bindigar kakkaɓo jirgi a bayan mota yake iya cim masa? Saboda jirgi ne da ba shi da na'urar rada, makamansa kuma igwa ce da rokoki da bama-baman da ba sa bin saiti da kansu. Dole matuƙi ya sauko ƙasa-ƙasa ya gani da idonsa kafin ya saki. Wannan saukowar ita ce ke kai shi bakin bindiga. Don haka ko wutar abokan gabar ma, tsufan jirgin na da hannu a ciki.

Yanzu ga inda raina ya fi ɓaci. An ce mana an kammala ciniki da kamfanin Leonardo na Italiya, za a kawo jiragen M-346FA guda 24, masu rada, masu ɗaukar makaman da ke bin saiti. A watan Oktoban 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a ciwo bashin kimanin dala miliyan 618 don jirage shida na farko da harsasansu. A watan Oktoban ne kuma Air Marshal Hasan Abubakar, lokacin yana kan wannan kujera, ya je Italiya, rundunar ta sanar cewa uku na farko za su iso a farkon 2025, sauran su biyo baya zuwa tsakiyar 2026. Farkon 2025 ya zo ya wuce. Hotuna dai mun gani, ma sha Allah: manyan hafsoshi tsaye a masana'anta, ana murmushi, ana shafa fiffike. Da hoto na tashi sama, da tuni an gama da Bello Turji.

Ranka ya daɗe, jinkiri ba abin kunya ba ne a cinikin jirgin yaƙi, ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma suna fuskantarsa. Shirun ne ke ci mana rai. Bashin nan da sunanmu aka ci, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Idan kuɗi ne ba a saki ba, a faɗa, mu san ƙofar da za mu buga. Idan kamfanin ne ya saɓa, a faɗa. Idan horon matuƙa da injiniyoyi ne bai kammala ba, shi ma a faɗa. Don girman Allah, kada a bar mu da "nan ba da jimawa ba", mun ji ta har ta gundure mu.

Kuma abin da ke ba ni tsoro ya wuce ranar isowa. Ka tuna Jaguar. Guda 18 aka sayo daga Birtaniya a tsakiyar shekarun 1980, jirgin kai farmaki na gani na faɗa a lokacinsa. Bai cika shekara goma yana tashi ba aka ajiye shi a Makurɗi saboda kuɗin kula da shi ya gagara, ya zauna rana da ruwan sama suna cinsa. MiG-21 ma haka ya ƙare. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shin a cikin wannan sabon ciniki akwai kayan gyara na shekaru? Akwai wurin gyara a nan gida, ko duk lokacin da injin ya yi tari sai an jira Bature ya zo daga Italiya? Jiragen Super Tucano guda 12 da suka iso a 2021 suna ƙoƙari a Kainji, JF-17 kuma uku ne kacal. Idan aka sauke Alpha Jet alhali magajinsa bai tsaya da ƙafarsa ba, gibin zai faɗa ne kan manomin Maradun da matafiyin hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Idan kuma aka ci gaba da tura shi don toshe gibin, a kan matuƙa zai faɗa. Kowanne ka zaɓa, rai ne.

Akwai sauran batutuwa, zan taɓa su a gurguje. Duk faɗuwar jirgi sai mu ji an kafa kwamitin bincike, daga nan sai shiru; iyalan mamatan ko ba kowa sun cancanci sanin abin da aka gano. Mutanen Rann da na Silame da na Tungar Kara, waɗanda bam ya faɗa wa bisa kuskure, suna da haƙƙin jin yadda sabon jirgin zai rage irin wannan, don saiti mai kyau ba ya gyara bayanan sirri marasa kyau. Kuma idan ranar ta zo, a ware ko guda biyu a ajiye inda 'yan makaranta za su gani, kada a sayar wa 'yan gwangwan.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin ofishinka ba. Ka fito gaban manema labarai, ko gaban kwamitocin sojin sama na Majalisar Tarayya, ka faɗi watan da kowane rukuni na M-346 zai sauka, da matuƙa nawa aka horar, da shekarar da Alpha Jet zai daina zuwa fagen daga. Ka sa a rubuce, yadda idan lokacin ya yi za mu iya ɗauko takardar mu tambaye ka.

Na gode. Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Gusau