Yaya, A Haɗa Magungunan Baba Wuri Ɗaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ya Inna da fama da jama'a? A gaishe min da uwargida da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai dai sanyin Ingila, shi ma jiki ya fara sabawa.

Na turo N420,000 ta asusunka, ka duba ka sanar da ni. N150,000 na Baba ne, na magani da gwaje-gwaje, don Allah kada a taɓa shi ko da sunan rance. N120,000 kuɗin makarantar Auta. Sauran ka miƙa wa Inna a hannunta na cefane. Idan Kawu ya sake tayar da maganar taki, ka ba shi haƙuri sai wata mai kamawa, haya a nan ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya kowa na magana lokaci guda, abin da na faɗa ba ya zama. Hoton ledar magungunan Baba da Auta ta turo min ta WhatsApp ya tayar min da hankali ƙwarai. Akwai kwalaye biyu, ɗaya fari ɗaya mai ratsin shuɗi, sunan kamfani daban-daban, amma ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasa, dukansu amlodipine ne, maganin hawan jini. Idan Baba na shan su duka, to ninki biyu yake sha, kuma wannan kaɗai ya isa ya kawo kumburin ƙafa da jirin da yake kuka da su. A riƙa ba shi daga kwali ɗaya, daidai yadda likita ya rubuta a katinsa. Na kuma ga diclofenac. Wa ya ba shi? Mutumin da ke da hawan jini da ciwon suga, yana shan lisinopril da metformin, ba a ɗora masa wannan kullum don ciwon gwiwa, yana ƙara hawan jinin kuma yana taɓa ƙoda. A ɗauke shi daga ledar yau ɗin nan, a ba shi farasitamol kafin ranar ganin likita.

Yaya, matsalar ba rashin kulawa ba ce, na san kowa na ƙoƙari. Mutum uku ke yi wa Baba magani: likitansa na Asibitin Malam Aminu Kano, mai kemis ɗin bakin layi, da Gwaggo da jiƙonta. Babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar. Dole mutum ɗaya ya riƙe zancen gaba ɗaya, kuma kai ne. Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kullum a rubuta kwanan wata, awon jini, awon suga, abin da ya sha da lokacin da ya sha. Ranar asibiti ka ɗauki littafin da ledar dukanta, har gorar jiƙon, ka zube wa likita a kan tebur. Ka roƙa a yi gwajin ƙoda da gwajin suga na wata uku, a kuma duba idonsa. Kafin ku fito ka maimaita wa likitan abin da ya ce da bakinka, ka rubuta a gabansa. Ba raini ba ne, likitan kirki daɗi zai ji. Sannan kowane dare a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, mai suga yakan taka ƙaya bai ji ba.

Wannan da nake ce ka yi, shi ne rabin aikina na jinya a asibiti a nan. Da safe nas ɗin dare ba ta tafiya sai ta bi da ni gado-gado ta miƙa min kowane mara lafiya, ina rubutawa a takardar da nake ninkewa a aljihu, kafin yamma ta yi baƙi da biro. Abu shida muke aunawa: numfashi, iskar da ke cikin jini, awon jini, bugun zuciya, zafin jiki da hayyacin mutum, a haɗa maki. Idan makin ya kai 5, a kira likita da gaggawa; ya kai 7, ba a jiran kowa. Tsohuwar da ta karye a ƙugu ba za ta koma gida ba sai mai gashin ƙashi ya ga ta iya hawa matakala, mai haɗa magani ya tace magungunanta, an shirya nas ɗin da za ta riƙa zuwa gida wankin ciwo, an aika wa likitan unguwarsu takarda. Kowannensu ɓangarensa ya sani. Ni ce nake bin su da waya ɗaya bayan ɗaya har maganar ta haɗu.

Labarin abin da Gwaggo ta faɗa a gidan suna ya iso ni, wai na bar gida na zo wanke kashin tsofaffin Turawa. E, ina wanke marasa lafiya, kuma ban ga abin ɓoyewa ba. A wajen wankan nake ganin dunduniya ko ƙasan baya sun fara ja, in san gyambon kwanciya na tafe, in tare shi. Inna ba ta yi wa Kaka haka shekara da shekaru ba, wa ya ce ta ƙasƙanta? Kafin in taɓa mutum ɗaya a Ingila sai da na ci jarrabawar Turanci, na ci ta kwamfuta, na ci ta gwaji a aikace mai tashoshi 10. Sunana na cikin rajistar NMC, hukumar da ke yi wa nas-nas rajista a nan, da lambata, kowa na iya dubawa. Duk shekara 3 sai na nuna na yi aikin awa 450 da ƙarin karatu na awa 35 kafin a sabunta min. Kuma ba yau muka fara ba: Kofoworola Pratt, 'yar Najeriya, a asibitin St Thomas na Landan ta koyi jinya, ta koma gida ta shugabanci ma'aikatan jinyar ƙasar baki ɗaya. Kada ka je ka yi wa Gwaggo faɗa, uwa ce. Inna kawai nake so ka karanta wa wannan wurin, don na san maganar ta sosa mata rai.

Yanzu har sukan bar min ɗakin marasa lafiya in riƙe idan sista, shugabar ɗakin, ba ta nan. Ni ke raba marasa lafiya, in tabbatar ba a jibga wa sabuwar zuwa masu nauyi ba, in kori kowa ya je ya ci abinci. Idan na ga adadin magani bai kwanta min ba, nakan ce wa likita ya sake dubawa, kuma yana dubawa. Na nemi ƙarin girma zuwa mataki na 6, a taya ni da addu'a, amma kada ya fita daga bakinka tukuna.

Wallahi Yaya, wani daren ina gyara wa mahaifin wasu filo sai ƙirjina ya yi nauyi, nawa uban na can ana haɗa masa magani a kemis. Kai ka ɗauki wahalar, ni kuɗi kawai nake turowa. Allah ya saka maka. A bar wannan.

Sai maganar Auta, kuma a nan ba na wasa. Na ji maƙwabta na kawo mata allura da ƙarin ruwa har gida suna kiran ta likita, ita kuma tana yi. Yarinyar da ke aji biyu a makarantar koyon jinya, hukumar jinya da ungozoma ba ta ba ta lasisi ba! Idan ta yi wa wani allurar fenisilin jikinsa ya ƙi, numfashi ya sarƙe, me take da shi a ɗakin Inna da za ta ceto shi? Shi ke nan an rasa rai, karatun ma ya tashi. A nan ɗaliba ba ta ba da ko ƙwaya ɗaya sai da nas mai rajista a kanta. Duk wanda ya zo, Inna ta ce yayar Auta ta hana, a ɗora min laifin. Idan hannunta na ƙaiƙayin aiki, ga Baba nan, ta auna shi ta cike littafin in ta zo hutu. Ka zaunar da ita da kanka, ta fi jin maganarka.

Ina sake tuna maka, N150,000 ɗin nan na Baba ne shi kaɗai, kuma kada a ƙara sayo masa komai a kemis ba da saninka ba. Ka ɗauko min hoton shafin farko na littafin kafin Juma'a. Akwai abokiyar aikina da za ta taso daga Kano ƙarshen wata, a ba ta kuka da daddawa da yaji, amma ban da kilishi, ba a barin shiga da nama. Ka ce wa Baba ina neman albarkarsa.

Wassalam,
Ƙanwarka